Kafin Ki Goge Laftof Ɗin Nan

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya. Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da za ki fara, Ya sanya albarka a kunnenki da hannunki. Na ba Innarki ita ta saka miki a jaka, domin kin san halina, in ina kallon fuskar mutum magana ba ta fito mini daidai.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin bar kowa kalau. Maganar da muka fara a tsakar gida ce ba mu ƙarasa ba. Kin ce da zarar kin isa za ki cire babbar manhajar da ke tafiyar da laftof ɗinki ki saka waccan ta kyauta, saboda ta yanzu ta yi wa na'urar nauyi, kina tsakiyar haɗa kiɗa sai ta tsaya cak. Na ce a'a da ƙarfi. Na san abin da kika ɗauka, cewa tsoho ne ya ji tsoron sabon abu. Da gaskiyarki, amma ba duka ba. Ba hana ki nake son yi ba. So nake ki canja, kuma ki yi nasara. Irin canjin da ni na yi ne ba na so ki maimaita. Kina ƙarama abin ya faru, ban taɓa zaunar da ke na ba ki labarinsa daga farko ba. Ga shi yau.

Kin san da kaset na fara a kasuwar Rano, ina kwafar wa mutane wa'azi da waƙoƙi. Da kaset ya mutu na sayi laftof ta hannu, da makirfo, da ɗan akwatin nan da muke cewa sawun-kad, wanda makirfo ke shiga cikinsa kafin sauti ya isa kwamfuta. Na buɗe situdiyon da kika taso kika gani kusa da tasha. Waƙar amarya, waƙar saukar karatu, tallan masu maganin gargajiya, duk ni ne. Hannuna ya faɗa da manhajar haɗa kiɗan da nake aiki da ita har ba na duba inda nake dannawa.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya leƙo shagon, dogo, baƙi, tafin hannunsa kamar fatar ganga. Ya ce, "Kai ne Habu mai kama murya?"

Na ce ni ne, na ba shi benci.

Ya ce sunansa Ɗanjuma, daga Fammar ta ƙasar Kibiya, makaɗin gangar noma ne tun yana saurayi. Ya ce, "Gayya ta ƙare, ɗana. Yanzu mutum guda zai goya tulun feshi ya kashe ciyawar da a da sai gari ya taru. Wa zan yi wa kiɗa? Jikokina duk waƙar da ke cikin waya sun iya, tawa ko baiti ba su riƙe ba. So nake ka kama mini ita kafin ta bi ni."

Ni kuma da bakina na ce masa, "Baba, muryar da ta shiga na'urata ba ta mutuwa."

A daminar nan aka yi sa'a wani manomi a Fammar ya kira gayya. Na ɗaure kaya a bayan mashin na tafi. Ummi, ban taɓa yin aiki irin wannan ba, kuma ban sake ba. Maza sun jeru da hauya, ƙasa a jiƙe, Baba Ɗanjuma na bin bayansu da ganga yana kiran kowa da sunan kakansa. In ya ɗaga murya sai ƙanensa Mati ya karɓe ta da amshi, murya siririya mai kaifi, ta bi ta kan tasa kamar zare. Samarin da suka zo da niyyar dariya sai ga su suna rige-rigen kai ƙarshen kunya. Na kama komai, har ƙarar hauya da numfashin mutane. Muka yi da shi cewa bayan kaka zan dawo zaurensa mu ɗauki sauran waƙoƙin a natse. Na koma Rano ina tace aikin a hankali, in na samu sarari tsakanin waƙoƙin biki.

Kuskurena na farko a Kano na ɗauko shi. Na je sayen waya, na biya ta situdiyon wani abokina, na ga wani baƙonsa da laftof mai wata babbar manhaja daban. Ta buɗe nan take, ba ta jan ƙafa, ya ce cutar da ke bin filashi ma ba ta kama ta. Ni kuwa tawa ta ishe ni da nauyi. Ban tambaye shi wane irin aiki yake yi da ita ba. Daga baya na ji rubutu kawai yake yi. Na ɗauki tawa na kai wa Nura, mai gyaran kwamfutar da nake hulɗa da shi, na ce ya goge komai ya saka mini irin waccan.

Nura ya ce, "Malam Habu, ka kwashe aikinka?"

Na nuna masa filashi na ce na kwashe.

Ya ce, "Akwatin sautinka fa? Ka tabbata yana da direba a wannan ɓangaren?"

Ban gane abin da yake nufi sosai ba. Akwai mutane a shagon, ba na so a ga mai situdiyo yana tambaya. Na ce, "Saka kawai."

Saura kaɗan ranar alkawarinmu da Baba Ɗanjuma, ban ko jona kayan na gwada ba. Na isa Fammar da hantsi na tarar ya tara 'yan amshi, wani daga Kibiya, wani tun daga Rurum Sabon Gari a kan keke. An share zaure, an shimfiɗa tabarmi, mata sun ɗora tukunya. Mati na zaune yana gyaran murya, yana ɗan tari. Na jona akwatin, fitilarsa ta kama, amma ko tari bai shiga kwamfutar ba. Na cire na mayar. Na kashe na kunna. Na canja waya. Gumi ya jiƙa mini riga, dattawa sun zuba mini ido. Har aka kira azahar ban kama kalma guda ba. Muka ci tuwon da aka yi dominmu, kowa ya kama hanya. Mutumin Rurum yana hawa kekensa ya ce, "Ba komai, Malam, na'ura ce." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

To ki ji. Direba ƙaramar manhaja ce mai yi wa kwamfuta da akwatin sauti tafinta, kuma kowace babbar manhaja da nata. In waɗanda suka ƙera akwatinki ba su yi na wadda za ki koma ba, sai ki bincika wajen waɗanda suka riga ki komawa, masu irin akwatinki sak, kuma masu aikin sauti, ba masu rubutu ba. Ke da kanki kin gaya mini ana iya tayar da waccan ta kyauta daga filashi ba tare da an goge komai ba. To yi hakan. Ki jona akwatin, ki jona makirfo, ki jona fiyano, ki haɗa waƙa guda daga farko har ƙarshe. Kada ki taɓa canja komai ana gobe aiki. In kuma aka yi miki tambayar da ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba, ko da shagon ya cika da mutane. Kunyar wannan ba ta kai kunyar zauren Fammar ba.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, domin mutum na ɓata wa, ba lokaci ba. Na koma wajen Nura, ya yi ta nema har ya samo wata hanyar da akwatin ya fara magana da kwamfutar. Na yi "gwaji, gwaji" a makirfo, na ga alamar sauti na motsi, na ce shi ke nan. Na aika wa Baba Ɗanjuma zan dawo. Wannan karon 'yan amshin nesa ba su zo ba, Mati kuma yana kwance ba lafiya. Muka ce bari mu ɗauki ganga da babbar murya, a ɗora amshi daga baya. Sale ɗan Baba Ɗanjuma, magidanci ne mai iyali, shi ya zauna da mu.

Na saƙala wa Baba abin ji a kunne domin ya riƙa jin kansa. Ya buga ganga, ya tsaya. Ya sake bugawa, ya sake tsayawa. Ya ɗaga abin daga kunnensa ya ce, "Habu, wane ne wannan da ke bina a baya?"

Na ce, "Ba kowa, Baba, gangarka ce."

Ya ce, "Gangata ba ta taɓa makara ba."

Muka sake. Duk inda ya kama sai kiɗan ya harɗe, hannunsa na nema ya jira abin da kunnensa ke ji. Raina ya fara ɓaci. Na juya wajen Sale na ce, a ganina a hankali, "Ina jin Baba ya gaji. Shekaru ne, hannu ya fara nauyi." Ya ji ni. Ya ajiye gula a kan ganga, ya ce bari ya je ya duba Mati, bai sake fitowa ba.

Da na koma shago na saƙala abin jin a kunnena na tafa hannu. Na ga tafin da idona, sannan daga baya ya iso kunnena. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ga makaɗi wannan ya isa ya rushe komai. Sabuwar hanyar da aka jona akwatin ce ke riƙe sauti kafin ta sake shi. Wani abin takaicin, a jikin akwatin akwai ɗan maɓallin da ke tura sauti kunne kai tsaye ba tare da ya bi ta kwamfuta ba. Ban taɓa buƙatarsa a tsohon tsari ba, don haka ban san amfaninsa ba.

Ummi, a Kaduna za a riƙa kawo miki mutane gaban makirfo, wasu sun haife ki. In kika canja na'ura sannan mawaƙin da kika san ya iya ya fara tuntuɓe, na'urarki za ki fara tuhuma. Ki zauna a kujerarsa, ki saka abin da ya saka a kunne, ki ji abin da yake ji. Motsin alama a fuskar kwamfuta ba shi ne gwaji ba, kunne ne gwaji. Kuma ki riƙe bakinki. Mai waƙa in ya shigo situdiyo kamar ya ajiye rigarsa ne a ƙofa, kalma guda sai ta yi masa rauni.

Na uku shi ne babba. Na ce bari in ƙarasa tace aikin gayyar nan na damina in kai wa Baba, ko ya huce. Na soka filashin. Manhajar haɗa kiɗan da ke sabon tsarin ta ce ba ta san wannan irin fayil ba. Ban tsorata ba, na ce bambancin manhaja ne. Na ɗauki filashin na tafi situdiyon abokina a Kano, mai irin tsohuwar manhajata. Aikin ya buɗe. Ga layuka nan a jere da sunayen da na ba su: ganga, murya, amshi, fili. Amma kowane layi fayau. Sai wani saƙo da ke tambaya ina sautin yake.

Abokina ya duba girman abin da ke cikin filashin, ya dube ni. Ya ce, "Habu, wannan ai umarnin aikin kawai ka kwasa, inda za a yanka da inda za a ɗaga. Sautin kansa a wata folda daban manhajar ke ajiye shi. Ina take?"

Foldar na cikin abin da na ce wa Nura ya goge. Nura ya yi iya ƙoƙarinsa ya dawo da ita, Allah Ya saka masa, amma sabon tsarin ya riga ya hau kan wurin. Abin da ya tono gutsattsari ne, ƙarar hauya nan, rabin kalma can. Ina cikin wannan faɗi-tashi Sale ya kira ni ya ce Allah Ya yi wa Mati rasuwa.

Ki karanta wannan wurin da kyau. Fayil ɗin da manhajar kiɗa ke ajiyewa nata ne ita kaɗai, wata ba lalle ta karanta shi ba, ko da a babbar manhaja iri ɗaya ne, balle an ƙetare. Kafin ki goge komai, ki bi ayyukanki ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi ki fitar da shi a matsayin tsantsar sauti, irin wanda kowace na'ura ke iya kunnawa, dukkansu daga farkon waƙa domin su hau kan juna daidai. Ki fitar da wanda kika yi wa ado, ki fitar da ɗanyensa. Ki ajiye a wuri fiye da ɗaya. Sannan ki ɗauka ki kai kwamfutar wani, ki kunna, ki saurara da kunnenki har ƙarshe. Abin da ba ki ji ya yi ƙara a na'urar wani ba, ba ki ajiye shi ba, zato kawai kike yi.

Na je ta'aziyya Fammar. Bayan mutane sun ragu na matsa kusa da Baba Ɗanjuma. Na fara da maganar da na yi a kan hannunsa, na ce laifin na'urata ne, ya yafe mini. Ya ce, "Wannan ya wuce. Na san hannuna." Sannan na gaya masa ɗayar.

Ya ce, "Wato ta gonar nan ta tafi?"

Na ce, "Ta tafi, Baba."

"Da muryar Mati a ciki."

"Da ita."

Ya ce, "Matarsa ta tambaye ni jiya. Ta ce an ce akwai muryarsa a wajen mutumin Rano." Sannan ya ce, "Kai ka ce mini ba ta mutuwa."

Na ce, "Baba, in ka yarda mu sake. Ko a zaure ne."

Ya girgiza kai. "Waƙar noma a zaure kwaikwayo ce. Sauran na yarda a yi su a zaure ne don ga ta gona a hannu. Yanzu babu. In da gaske kake, nemo mini gayya."

Na fito daga gidan nan na ƙudura a raina cewa ko zan rufe shago sai na yi. Abu na farko, na sa Nura ya mayar mini da tsohon tsarin. Ba don sabon ba shi da kyau ba, sai don duk kayan aikina a can suke. Ko a 'yan kwanakin da na yi da sabon na ga haka. Wata Hajiya daga cikin gari ta zo tana son waƙar da na yi wa babbar 'yarta a canja suna a yi wa ƙaramar, aikin da a da kafin ta gama shan ruwa na gama. Amma sautukan kalangu da algaita da nake bugawa da fiyano ƙananan manhajoji ne da aka yi wa tsohon tsarin kaɗai. Na haɗa mata da abin da na samu, ta saurara ta ce, "Wannan ba ita ba ce," ta tafi wani wurin. Don haka ki duba sautukan da kika dogara da su, ki san wanne zai bi ki, wanne zai tsaya. Ki kuma tambayi abokan aikinki na Kaduna da me suke aiki kafin ki yanke shawara, domin aiki zai riƙa yawo tsakaninku. In ta kama, ki raba laftof ɗin gida biyu, tsohon a gefe, sabon a gefe, har ƙafarki ta tsaya.

Neman gayyar ya ba ni wuya. Na bi manoman Fammar, kowa ya ce feshi ya fi masa sauƙi a kan ciyar da gari. Na je Kibiya, aka yi mini dariya, wai mai situdiyo ya koma sarkin noma. Rani ya wuce, ruwa ya sauka, ban samu ba. Ƙarshe mutumin nan na Rurum Sabon Gari, mai keke, shi ya ji labari ya aiko mini. Ya ce yana da gonar dawa, bana ba zai yi feshi ba, in zo. Innarki da ƙawayenta suka ɗauki nauyin fura da abinci, kina goye a bayan wata yayarta ranar, ba za ki tuna ba. Na bi majalisun 'yan acaɓa da masu shayi ina roƙon samari su ba ni safiya guda. Wasu sun zo don kunyata, wasu don kallo.

Kafin ranar na gwada kayan nan har na gaji da jin muryata. Na fita da su bayan gari na gwada a fili, a cikin iska. Na ari ƙaramin rakoda na ajiye a gefe, ko da kwamfutar za ta ba ni kunya.

Baba Ɗanjuma ya zo a bayan mashin ɗin Sale. Ya rame. Ganga ta yi masa nauyin rataya yana tafiya, sai Sale ya rataya, shi kuma ya riƙe sanda yana bin masu noma da murya. Muryar ta sauka, ba ta kai inda take kaiwa bara. Mutumin Rurum ya riƙe amshi, ya yi ƙoƙari, amma ba Mati ba ne, kowa ya sani. Akwai waƙa guda da su biyu kaɗai suke yi, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. Baba ya fara ta, ya kai wurin da ake karɓa, ya jira. Ba wanda ya san amsar. Ya tsaya a tsakiyar gona, sai ƙarar hauya kawai. Sannan ya ɗaga sanda ya kama wata waƙar, samarin suka yi kuwwa suka duƙa.

Ban yanke wannan shirun ba, yana nan a cikin aikin. Kafin in bar gonar na kwafe komai zuwa wani wurin, da na isa Rano na sake kwafewa. Da na kai masa ya saurara daga farko har ƙarshe, jikokinsa sun kewaye wayar Sale. Ya ce, "Ba ta kai waccan ba. Amma wannan tana nan." Ya rayu har ya ji ƙaramin jikansa yana rera ɗaya a bakin rijiya. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Mati. Matar Mati kuwa ban taɓa samun abin da zan kai mata ba.

Saura kuskure na ƙarshe, wanda ke shaida ce a kansa, domin a gabanki na yi shi. Tun daga wannan lokacin na hana kowa taɓa kwamfutar shago. Ko sabuntawa ta nema sai in danna a'a. Na ɗauka hankali na koya, ashe tsoro na koya. Shekaru suka yi ta tafiya, mawaƙa na zuwa da kiɗan da aka haɗa musu a Kano, tawa ta kasa buɗewa. Sababbin sautuka suka fito, tawa ba ta ɗauka. Matasan da ni na fara kama muryarsu suka koma wasu wurare, in mun haɗu su gaishe ni da ladabi su wuce. Ke da kika fara zama kusa da ni kina koyo, sau nawa kika ce, "Baba, wannan fa an wuce wurin," ni kuma in ce miki ba ki san komai ba? Kin sani. Ba canji ne ya cinye muryar Mati ba. Gaggawata ce, da jin kunyar tambaya. Na ɗora wa canji laifin don ya fi sauƙin ɗauka, na zauna wuri guda har kasuwa ta wuce ni.

Saboda haka a'ar da na ce miki na janye ta. Ki canja. Ki yi shi a natse, a makon da ba ki da aikin kowa a hannu, bayan kin gwada, kin fitar, kin saurara. In abu ya ƙi, kada ki gudu da baya a ranar farko, kada kuma ki nace don kar a ce kin kasa. Ki ba shi lokaci, ki tambaya, ki sake gwadawa. In kika ga aikinki ya fi tafiya a tsohon, ki koma ba tare da jin kunya ba. Waƙar mutane ce amanar da ke hannunki, manhaja kuwa kayan aiki ce, wadda ta yi miki ita ce taki.

Ni ma na yanke shawara. Na gaya wa Innarki ta yi ta dariya har da riƙe ciki, amma da gaske nake. Ba zan rufe shagon nan ina tsoron na'urar da ni na saya ba. Na riga na fara fitar da tsofaffin ayyukana layi-layi, kullum in na buɗe shago sai na yi wasu kafin mutane su zo. In kin dawo hutun Sallah, kwamfutar shago ce ta biyu. Ke za ki zauna a kujera, ni a benci. Duk abin da ban gane ba zan tambaya, ko da shagon cike yake, kuma ki yi haƙuri da ni in na tambaya sau da yawa.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ko da mawaƙi na tsakiyar baiti. Ki rage ƙarar abin da kike sakawa a kunne, shi ne jarinki. Ki riƙa kiran Innarki, ba za ta ce miki tana kewa ba, amma tun yanzu ta fara shiga ɗakinki ba dalili.

Allah Ya tsare mini ke daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya kare ki a inda idona ba ya kaiwa. Ya ba ki haƙurin koyo da ƙarfin zuciyar tambaya, Ya sa duk muryar da aka ba ki amana ki mayar da ita ga masu ita cikakkiya. Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Habu mai situdiyo, Rano